Ɗan Galadiman da Ake Jira Ya Zuba Iri

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, mai rawani da mai hula. Ƙanena ya riga ni. Ni na goye shi a bayana, shi ya kamata ya raka ni, amma Mai shi Ya karɓi abinSa a lokacin da Ya so. Na sa an rubuta wannan domin na ga yadda ake mantuwa a Maraɗi yanzu. Mutum ya rasu da safe, kafin la'asar hirar zaɓe ta rufe zancensa.

Maza na kan hanyar dawowa daga maƙabarta hadari ya taso daga gabas. Kafin su iso unguwarmu ta Zariya ruwa ya sauka, ruwan fari na shekara, mai ƙarfi, irin wanda ke tayar da ƙamshin ƙasa. A ko'ina wannan abin murna ne. A gidanmu sai na ga fuskoki sun canza. Ina zaune bakin ɗakina, matan da suka zo gaisuwa sun matsu a ƙarƙashin rumfa, ina kallon su ɗaya bayan ɗaya. Baki na cewa, “Iya, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Ɗan Galadima,” ido kuwa yana kan indararo. Wata tsohuwa daga Tibiri, wadda ta fi kowa kuka, ta share fuska da bakin mayafi, ta matso kusa da kunnena.

“Iya, to yanzu wa za shi zuba?”

Na ce mata, “Ƙasar kabarinsa ko kwantawa ba ta yi ba.”

Ta ce, “Na sani. Allah Ya ba mu haƙuri. Amma gidana bakin goma sha ne, Iya.”

Ban ga laifinta ba. Ita dai ta faɗa, sauran sun haɗiye.

A waje kuwa rumfa biyu aka kafa don mamaci ɗaya. Babban ɗansa, mai fataucin mai tsakanin nan da iyaka, ya kafa tasa a ƙofar gida da kujerun da jam'iyyarsa ta aiko. Autanmu, ƙanen mamacin, wanda ya yi lakwal, wato boko, ya yi aikin gwamnati har ya ajiye, ya kafa tasa a bakin layi da kujerun wata jam'iyyar. Mai zuwa gaisuwa sai ya tsaya tsakiyar hanya yana gyara hula, yana tunanin wadda zai fara. Wani Alhaji mai wayo ya zo da ƙanensa, kowannensu ya nufi rumfa guda. Manoman mu ba su zauna ko ɗaya ba. Sun tsuguna jikin katanga, kekunansu a jingine, kowane keke da sungumin shuka ɗaure a bayansa.

Wanda bai san mu ba zai ce wace irin gaisuwar mutuwa ce ake zuwa da sungumi. Bari in faɗa.

Kakan kakanmu yana cikin waɗanda suka baro Katsina lokacin yaƙi suka shigo kwarin Gulbi. Ya sari daji a kudu, wajen da ake bi zuwa Jiratawa, ya kafa gari, aka naɗa shi. Ɗansa ya gaje shi, ya ja ganuwa. Jikansa, kakanmu ke nan, shi Nasara suka tarar. Kumandan, babbansu, ya aiko a ba shi mutane don aikin hanya ana tsakiyar shuka, kakanmu ya ce a bari a gama. Aka kira shi bariki. Ya tafi da rawani, ya dawo da hula. Aka haɗa garinmu da wani kanto, wato ƙasar wani sarki, aka ce sarautar ta mutu. Tambura suka tafi, har yau ban san inda suke ba. Babanmu yana Ɗan Galadima a lokacin, wato mai jiran gado, kuma yana cikin jiran ya mutu. Sunan ya sauko kan ƙanena, shi ma ya hau jiran gadon da babu shi.

Shekarar da ruwa ya ci tsohuwar Maraɗi ya ci namu garin. Mutanenmu suka watsu, wasu suka hau tudu, wasu Tibiri, wasu Jiratawa. Daga baya gwamnati ta yanka fadamarmu don noman rani, ta raba wa jama'a. Ƙanena ma aka ba shi yanki ɗaya kamar kowa, yana jiran ranar da ruwa zai zo kansa kamar kowa.

Abu guda ne ba wanda ya ɗauke, don Nasara ba su san da shi ba. A garinmu ba mai sa iri a ƙasa sai sarki ya fara zubawa a gandu. Gandun yana nan a kufai, kan jigawa, ruwa bai kai shi ba. Irin kuwa daga geron gandun ake cire shi, mace ɗaya ta gidan ke ajiye shi, ita ake kira Iya. Gwaggonmu ta riƙe, ta mutu ta bar mini. In ruwa ya sauka sai in sussuke zangarniya, in zuba a ƙwarya, in miƙa wa ƙanena. Ya je gandu, Sarkin Noma da dattawa na tsaye, ya sara, ya zuba, ya take da diddige. Sarkin Noma ya ce, “An zuba.” A da mai ƙaho ke kai labari, yanzu ɗan kabu-kabu ke kai shi. Kafin a ji wannan kalma, gidan da ya fito daga garinmu ba ya shuka, ko yana Tibiri ko yana Jiratawa. Kuma duk wanda Iya ta miƙa wa ƙwarya, shi ne Ɗan Galadima. Babu naɗi, babu takarda. Abin da ya kafa rumfa biyu ke nan, abin da kuma ya tsugunar da manoma jikin katanga.

Ƙanena ɗinkin buhu yake yi a kasuwar hatsi. Wannan ce sana'arsa tun bayan da cinikin gyaɗa ya mutu. Ka same shi zaune kan tulin tsofaffin buhuna, basilla a hannu, zare a baki. Mutanenmu in sun zo sai su cire takalma daga nesa su durƙusa a cikin ƙaiƙayi. Abin da yake ce musu bai taɓa canzawa ba: “Ku tashi, ƙasa da zafi. Ni ɗinki nike.” Akwai wani Alhaji mai manyan motoci, wanda kakansa ke riƙe wa kakanmu buta. Buhunansa duka wurin ƙanena ake kawowa. In ya zo da kansa sai ya rasa yadda zai yi, ga shi mai kaya, ga shi ba ya iya tsayawa kan Ɗan Galadima ya yi ciniki. Sai ya tsuguna da babbar rigarsa yana taya shi warware zare. Ƙanena bai taɓa ƙara masa ko rage masa a kan abin da kowa ke biya ba.

Ba ya cin abinci a kasuwa. Ko ƙosai. Daga safe har ya dawo gida ruwa kawai yake sha, shi ma sai ya juya baya. Ba ya gudu. Na sha ganinsa ruwa na dukansa yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar gawa, yaran unguwa na dariya daga zaure. Ran nan ya shigo yana ɗiga, na ce masa, “Kai, wa ke kallonka? Ka ɗaga ƙafa mana.”

Ya matse hularsa, ya ce, “Ke, Yaya. Tun ina rarrafe.”

Ba zan ce ba shi da aibi ba, don gaisuwar da ake ƙarya a cikinta ba ta amfanin mamaci. Yana son sarautar nan. Bai taɓa faɗa da baki ba, amma alkyabbar kakanmu na cikin akwatinsa, kowace shekara yana fito da ita ya shanya a bayan ɗaki inda yake zaton ba a gani. Ina gani. Har na taɓa ganin ya yafa ta a kafaɗa, ya tsaya shi kaɗai gaban rumbu, sannan ya cire da sauri da ya ji motsin akuya.

Sai zamanin jam'iyyu ya shigo. Aka yi babban taro a Yamai, rediyo ba ta kwana, kowa ya zama mai magana. Motoci suka fara tsayawa ƙofar gidanmu, gidan ƙasa tsakanin gidajen siminti. Ƴan jam'iyya sun lissafa gidajen da ke jiransa kafin su yi shuka, suka ce waɗannan za su jira shi kafin su jefa ƙuri'a. Autanmu ne ya kawo su. Suka ce za a yanka sabbin kantuna, za a mayar da tsofaffin sarautu, sunan gidanmu yana sama, abin da ya rage kawai ya je Yamai manya su gan shi.

Ƙarshen bazara ne. Na ce masa, “Shamuwa ta iso. Gawo ya fara zubar da ganye. Ina za ka?”

Auta ya ce, “Yaya, kwana biyu ne. Mota ce, ba jaki ba.”

Na ce, “Ba da kai nike ba.”

Ƙanena bai dube ni ba. Ya ce, “Babanmu ya mutu yana jira. In ban je ba, mi zan ce masa?” Ya ɗauki akwatin, da alkyabbar a ciki, ya shiga mota.

A Yamai suka riƙa yawo da shi daga wannan ofis zuwa wancan. Aka ɗauke shi hoto tare da manya, aka buga a takardun jam'iyya. Kullum gobe. Yana can ruwa ya sauka a nan, ruwa mai kyau. Maƙwabta suka fita da asuba, mutanenmu suka zauna. Ɗansa ya zo mini ya ce in ba shi ƙwarya ya zuba a madadin ubansa. Sarkin Noma ya ce ba a zuba wa mai rai. Aka aika Yamai, saƙo bai same shi ba, ko ya samu waɗanda suka riƙe shi, Allah ne masani. Ranar da ya dawo ƙasa ta bushe har yashi na tashi. Ruwa na biyu ya yi jinkiri. Lokacin da namu ya tsiro, geron maƙwabta ya kai gwiwa. Damina ta ɗauke da wuri, zangarniyarmu ta tsaya ba ƙwaya. Bayan nan aka karya darajar kuɗi, tiyar hatsi ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba.

Ranar da ya dawo, ya shigo gaishe ni, na bar shi tsaye.

Na ce, “Ina rawanin?”

Ya ce, “Sun ce bayan zaɓe.”

Na ce, “To tafi Tibiri ka gaya wa masu yara su ci abinci bayan zaɓe.”

Ya fita, bai sake taka ɗakina ba har kaka ta wuce. Ni ma ban aika ba. Aka yi zaɓe, aka gama, ba wanda ya sake tuna sunan gidanmu.

A wannan ranin mata suka fara zuwa yi mini godiya. Daga Tibiri, daga Jiratawa, daga bayan kasuwa. “Iya, mun ga saƙo, Allah Ya saka.” Ban aika wa kowa komai ba. Ashe shi ne. Masarar da ya noma a yankinsa na Jiratawa, da abin da ke rumbunsa, yake ɗorawa a amalanke da tsakar rana, lokacin da maza ba sa gida, ya sauke a zaure ya ce Iya ta aiko. Gidansa kuwa tafasa da ƙuli suke ci. Tsohuwar nan ta Tibiri ta rasa jika a bazarar da ta biyo. Ita ba ta taɓa cewa laifinsa ne ba. Shi ne bai taɓa wanke kansa daga laifin ba. Alkyabba ba ta sake ganin rana ba, asu ya cinye ta a akwati.

Kafin damina ta gaba ya tara dattawa a zaurensa. Ina bayan ƙyaure. Ya ce, “Na yafe muku. Daga bana kowa ya ga ruwa ya shuka. Malaman zamani ma sun ce abin nan ba addini ba ne, kuma ban ga inda sunka yi ƙarya ba.”

Sarkin Noma ya girme mu duka, haƙori ɗaya ya rage masa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, Nasara sun ɗauke rawani. Ruwa ya ɗauke gari. Gwamnati ta ɗauke fadama. Jikokina ba su san inda kufai yake ba sai ranar zuba iri. Wanga kaɗai ya rage da munka san mu ƴan gari ɗaya ne. Kai ma za ka ɗauke?”

Ƙanena ya ce, “Ni mutum ne. Zan yi ciwo. Zan mutu.”

“In ka mutu Iya ta miƙa ma wani.”

“Wa?”

Kowa ya san tun tafiyar Yamai ɗan ƙanena bai sake gaida Auta ba, kuma ya shiga jam'iyyar da ke gaba da ta Auta don kawai ya ɓata masa.

Daga nan ya ɗaure kansa. In shamuwa ta iso ba ya kwana wajen Maraɗi, ko biki ko mutuwa. Alhajin nan mai motoci ya ba shi kujerar Makka, ya mayar, don aikin hajjin shekarar ya faɗo gab da damina. Na ce masa ya je, Allah Ya fi gero. Ya ce, “Allah ne zai tambaye ni geron.” Ya mutu bai ga Ka'aba ba. Duk wanda zai tuna masa Yamai, ya haɗa da wannan.

Soja suka karɓi mulki, jam'iyyu suka yi shiru, sannan suka dawo da ƙarfinsu. Zancen yanka sabbin kantuna ya sake tashi. Aka yi wa Auta alkawarin rawani, aka yi wa ɗan ƙanena alkawarin rawani. Kowannensu ya tara samari masu shan shayi a ƙofar gida, kuma kowa ya ga yadda samarin jam'iyyu ke jifar juna a gari in an yi taro. A lokacin ƙafafun ƙanena sun fara kumbura, numfashi na yi masa wuya. Su biyun suna zuwa dubiya, kowanne in zai fita sai ya biyo ta ɗakina ya tambayi lafiyar ƙafata, idonsa na kan tulun da irin yake ciki.

Wata safiya a bazarar bana, zafi tun kafin rana ta ɗaga, ya aiko in zo. Na same shi da sungumi a jingine jikin gado.

Ya ce, “Yaya, sussuko mini iri.”

Na ce, “Ko gajimare babu.”

Ya ce, “Na sani. A busasshiya zan zuba.”

Manoma suna yin haka, shukar binne, a sa iri a ƙasa ya jira ruwa. Caca ce. Tururuwa na ɗiba, zabi na tonewa, in yayyafi ya taɓa shi bai jiƙa ba ya ruɓe. Amma a gandu ba a taɓa yi ba.

Na ce, “Kakanninka ba su yi ba. Kuma ba shaida.”

Ya ce, “Ke ce shaida.”

“Tsohuwa ɗaya? Wa zai yarda?”

Ya ce, “Yaya, ba zan kai ruwan bana ba, kin sani, na sani. In na tafi ƙwarya na hannunki, kika ba yaron, Auta zai sa a zubar da jini a gandu. Kika ba Auta, yaron zai sa. Kika hana su duka, mutane za su zauna kamar waccan shekara. Sau ɗaya na sa su yunwa ina raye. Kada in sa su ina kwance.”

Na sussuka. Muka hau amalanken jaki kamar masu zuwa ɗebo itace. A gandu ya sauka da ƙyar. Ya sara, ya tsaya yana haki, ya zuba, ya take da ƙafar da ba ta shiga takalmi. Na ce ya kawo in riƙe masa ƙwarya, ya ƙi, wai kada a ce hannun mace ya zuba. Layi kaɗan ya yi, daga gindin aduwa zuwa inda tsohuwar ganuwa ta kwanta, yana zama tsakani. Da ya gama ya zauna a yashi, ya dube ni, ya ce, “To, mai kallo, na karkace?”

Na ce, “Na ƙarshen ya karkace.”

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce kada in faɗa wa kowa sai ya tafi, don kada wani ya je ya tone. Bai sake fita gida ba.

Ranar jana'iza, da ruwa ya tsaya, su biyun suka shigo ɗakina kusan tare, har kafaɗunsu na gogar juna a bakin ƙofa. Na sa aka kira Sarkin Noma, aka riƙo shi. Na faɗa musu abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba.

Ɗan ya ce, “Gwaggo, mutumin da ba ya iya zuwa masallaci shi ya je kufai? Lokaci kike nema wa Baba Auta.”

Auta ya ce, “Yaya, kin girme ni, ba zan ce kin yi ƙarya ba. Amma wa ya koya miki wannan? Yaron ga?”

Na ce, “Ku biyu ba ku taɓa haɗuwa a kan komai ba sai a kan ni maƙaryaciya ce. Madalla.”

Sarkin Noma ya ce, “Iya, ba mu ƙaryata ki ba. Amma irin da bai fito ba, ba zan iya ce ma mutane an zuba ba. In ya fito, hannunsa ne, mun bi. In bai fito ba, sai ki zaɓa.”

Kwanakin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Rana ta fito da ƙarfi, kowace sa'a ƙasa na shan ruwanta. Maƙwabta sun gama shuka suna dawowa da laka a ƙafa, suna wuce mutanenmu da ke tsugune jikin katanga. Wani ya kawo mini dunƙulen ƙasa daga gonarsa, ya murje shi a gabana, ya tafi. Samarin rumfa biyu suka fara ajiye sanduna ƙarƙashin kujeru. Sarkin Noma ya sa dattawa suka tsare hanyar kufai, ba mai shiga, na kowane ɓangare. Ni kuwa na kife tabarma kan tulun iri na zauna a kai, a nan nake karɓar gaisuwa, a nan nake salla. Matar ɗan ta kawo mini fura, matar Auta ta kawo mini kunu. Ban sha ko ɗaya ba. Ina ta tunanin zabi, da tururuwa, da yayyafin da aka yi wata rana yana kwance, wanda ban san ko ya kai kufai ba. In bai fito ba, wa zan ba? Har yau ban san amsar ba.

Ranar sadakar uku, ana shafa fatiha, Sarkin Noma ya ce a tashi. Aka ɗora ni kan amalanke. Ɗan da mutanensa a mota, Auta da nasa a mota, manoma a bayanmu suna tura kekuna.

Daga nesa gandu fari fat, ba komai sai sawun awaki. Na ji wani saurayi ya yi tsaki. Na nuna gindin aduwa. Aka riƙe Sarkin Noma har can, ya durƙusa, ya kai fuskarsa kusa da ƙasa, don idonsa ya yi rauni. Ramin fari an tone, ga sawun zabo. Na biyu an tone. Ya ci gaba da rarrafe, tsoho mai wannan shekaru, rigarsa na jan yashi, mu duka muna bin sa a hankali. Samarin suka fara matsowa kusa da iyayen gidansu.

A layin ƙarshe, wanda ya karkace ya shiga ƙarƙashin ƙaya, ya tsaya. Ya sa yatsa ya kawar da ɓawon ƙasa. Tsiro ne, siriri kamar allura, kore shar. Gaba da shi wani, gaba wani.

Bai tashi ba. Daga durƙushen ya ce, “An zuba.”

Ban taɓa ganin fili ya watse haka ba. Ba wanda ya yi sallama. Kekuna suka bi hanya uku, ƴan kabu-kabu suka tayar da mashin, tsohuwar Tibiri ta tattare zani ta haye bayan ɗaya kamar budurwa. Har samarin jam'iyya, waɗanda iyayensu ke da gona, suka yar da sanduna suka bi. Aka bar mu mu huɗu da jaki.

Ɗan yana tsaye kan layin ubansa, yana kallon yadda sawun ƙafa ɗaya ya fi ɗaya nutsewa. Auta ne ya yi magana.

“To, Yaya, baɗi fa?”

Na ce, “Irin baɗi daga wannan geron zai fito, in ya kai. Ga ciyawa nan tafe. Ni ba na iya sunkuyawa, Sarkin Noma ba ya gani. Wanda na ga yana noma shi da hannunsa har kaka, zan san abin da zan yi da ƙwarya.”

Auta ya aiko buhun taki, da sunan jam'iyyarsa a jiki. Yana nan a zaure, ban buɗe ba. Ɗan ya aiko ƴan ƙwadago, na mayar da su. Mutanenmu sun samu danshi, kaɗan ya rage su rasa. Yanzu geronsu ya rufe ƙasa daga Tibiri har Jiratawa. Gandu ne kawai ciyawa ta fara ci, ina ji ina gani.

Shekaranjiya na sa aka kai ni. Na tarar da ɗan a can shi kaɗai, motarsa a gindin aduwa, da takalmin kanti a ƙafa, yana riƙe da hauya kamar wanda aka ba maciji. Tafin hannunsa duk ya yi bororo. A gabana ya sare gero biyu yana zaton ciyawa ce. Ya ɗago ya ce, “Gwaggo, sannu da zuwa.” Na ce, “Sannu da aiki.” Ban ƙara ba, ban kuma yi masa alkawarin komai ba. Kaka da nisa, Auta ma yana da hannu.

Allah Ya jiƙan ƙanena. Ya yafe masa tafiyar da ya yi, Ya rubuta masa ladan wadda ya fasa. Ya sanyaya masa ƙasa. Mu kuma da ke baya, Ya sa mu cika da imani. Amin.